Taurarin da Na Goge

Na ga saƙonninku duka a ƙarƙashin abin da na rubuta a zauren nan. Wasu na cewa in rabu da shi tun da sauran mutuncina, wata 'yar'uwa ma ta rubuto min cewa namijin da aka kora daga aiki a kan lambobin mata ba abin aure ba ne. Ban ba kowa amsa ba, domin abin da na ba ku shi kuka auna, kuma rabin magana na ba ku. Yau zan faɗi sauran. Mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai gina shafukan intanet, a hawa na biyu, saman shagunan masu gyaran waya. Mu shida ne a ɗaki ɗaya, da fanka mai kukan tsohon keken ɗinki, kuma ni kaɗai ce mace. Sai da Umma ta yi wata uku tana lallashin Abba kafin ya bar ni na karɓi aikin. Ranar da ya amince, abu ɗaya ya ce min: "Uwata, kada in ji, kada in gani." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

A ofishin na haɗu da wanda kuke cewa in rabu da shi. Sannu-sannu ake ce masa, don ko saƙon barka da asuba zai tura sai ya karanta sau biyu. Shi ne babba a cikinmu, shekararsa bakwai yana wannan aiki. Dogo ne siriri, rigunansa ba su wuce fari da ruwan toka, gilashinsa kuma kullum a ƙarshen hanci. Wata takwas yana zuwa gidanmu, Abba har ya ce ya shaida wa manyansa su zo a zauna.

Babban aikinmu a lokacin shafin wata ƙungiyar mata masu sana'a ne. Masu ɗinki, masu kitso, masu saƙa, kowacce da hoton aikinta da lambar wayarta. Irin wannan shafi ba a wayarka ake haɗa shi ba. Akwai babbar kwamfuta da muke kira saba, a can muke ajiye ƙwarangwal ɗin shafin da gurabe a buɗe: nan suna, nan hoto, nan lamba. Tamfulet muke ce masa. Duk wanda ya buɗe shafin, sabar ce za ta cike guraben ta aiko masa a shirye.

Matsalar ita ce lambobin. Kowace mace yadda ta ga dama ta rubuta tata. Wata ta sa lambar ƙasa a gaba, wata ta fara da sifili, wata ta zuba ɗigo a tsakani, wata ta manne su cunkus kamar an ɗaure kayan wanki. Manaja ya ce shafin ya yi kama da bangon makaranta, a gyara. Ni aka ba. Aikin da ko yini ba zai ci ba: in rubuta 'yan layukan umarni da za su share duk abin da ba lamba ba, su raba sauran gida uku, a sa a gurbin lamba cikin tamfulet, kowacce ta fito tsaf iri ɗaya.

A satin kwamfutata tana wurin gyara, na zubar mata da shayi. Sannu-sannu ya ba ni tasa, a buɗe da sunansa, shi ya koma kan ta manaja.

Ku riƙe wannan da kyau. A cikin matan akwai arba'in da ɗaya da suka roƙa kada a nuna lambarsu a fili. Tasu takan fito da alamar taurari a madadin lambobin tsakiya, mai son aiki sai ya bar saƙo ƙungiya ta isar. Da na gwada abin da na rubuta, sai na ga ya share taurarin nan su ma, tun da ba lambobi ba ne, ya bar guntun lamba mara kan gado. Na ce to, bari in ɗauko cikakkiyar lambar daga ma'ajiya, in gyara ta, sannan in mayar da taurarin a kai. Na yi na farko, na yi na biyu. Ina shirin na uku wayata ta yi ƙara, Umma ce, wai in biya in karɓo mata maganin hawan jini kafin a rufe kantin. Ranar Alhamis ce, ƙarfe huɗu ta wuce. Na buɗe shafin mace biyu ko uku, na ga lambobi sun jeru gwanin sha'awa, na miƙe ina gyara mayafi.

Sannu-sannu ya ɗago ya tambaye ni ko na gwada ko'ina. Na ce na gwada.

"Har na masu taurari?"

"Har su," na ce, ina neman ɗan kunnena da ya faɗi ƙarƙashin tebur.

Wallahi ban yi niyyar ƙarya ba. A raina na ce gobe da safe zan ƙarasa. Shi kuma, mutumin da ba ya sakin komai sai ya bi shi layi-layi, ranar ya yi min murmushi ya danna ya saki, don ni ce na faɗa. Washegari aka jibgo min wani aiki, abin ya fice min daga kai kamar ban taɓa saninsa ba.

Kwana goma sha ɗaya shafin yana haka.

Ranar Litinin ta biyu na shigo da safe cikin sabuwar doguwar rigata mai ruwan ganye, ina jin kaina, na tarar da ofis tsit. Shugabar ƙungiyar tana zaune a kujerar manaja, jakarta a kan cinya ta riƙe da hannu biyu. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce mata da yawa sun yi ta samun kiran banza, wannan da sauƙi. Amma akwai wata mai ɗinki da ta baro mijin da ke dukanta shekara biyu da suka wuce, kotu ta raba su, ta bar unguwar, ta sake layi. Ya ga hoton ɗinkinta a shafin ya gane hannunta, ga lamba a ƙasa ɓaro-ɓaro. Ya sa wata mata ta kira kamar mai kawo ɗinki, ta karɓi kwatance. Ranar Asabar ya je shagon.

Na jingina da bango.

Manaja ya buɗe rajistar da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi na aiki. Suna ɗaya ne a wurin, a kan rubutun da kuma a kan sakin. Ya juyo da fuskar kwamfutar kowa ya gani. Na buɗe baki, na rantse muku na buɗe, amma kafin iska ta fito Sannu-sannu ya cire gilashinsa ya ce, "Ni ne. Ban duba ba."

Sauran abokan aikin sun san a kwamfutarsa na yi satin. Ɗaya ya kalle ni ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya tona, manaja kuma a satin yana tafiya, bai sani ba. Kafin azahar Sannu-sannu ya mayar da taurarin da hannunsa, layi biyu kacal, ya kwashe kofinsa da cajarsa da darduma ya sauka.

A banɗakin ofis na tura masa saƙo.

"Me ya sa ka yi haka?"

"Sunana ne a wurin. Ni na ba ki kwamfutata, ni na saki aikin ban duba ba. Ban yi ƙarya ba."

"Amma ba ita ce gaskiyar duka ba."

Na daɗe ina kallon alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo. Sannan ya turo: "Ni zan sami wani aikin. Ke wata goma kike da fara aiki, kuma kin san Abba. In aka sallame ki da wannan tabon, ke da aiki har abada. Ki yi shiru, don Allah."

Na yi shirun. Zan so in ce muku don ya roƙe ni ne, amma tun kafin ya roƙa na riga na yi. Tsoro ne kawai. Roƙonsa mayafi ya zama min na lulluɓa.

Ban san ta inda maganar ta bi ta iso gidanmu ba. Ranar Asabar da hantsi ina wanke-wanke sai ga Goggo, yayar Abba, da mayafinta mai duwatsu wanda ba ta sa shi sai in da babban labari. Goggo ba ta haddace lambar wayarta ba, a jikin murfin wayar aka manna mata da takarda, amma babu abin da zai faru a garin nan bai biyo ta kunnenta ba. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce a kira mata ƙaninta.

Ina bakin famfo ina jin su ta taga. A bakin Goggo labarin ya yi ƙiba. Ba kuskure ba ne kuma, wai da gangan Sannu-sannu yake kwasar lambobin matan mutane yana raba wa 'yan iska, wai mata ɗari biyu, wai har an kusa kashe wata. Ta ce dama ita shirunsa bai taɓa kwanta mata ba, ruwan da ya yi shiru shi ke cin mutum. Umma ta ce a dai bincika, yaron nan ba ta ga alamar haka a tare da shi ba. Goggo ta ce ai mugu ba shi da kama.

Na tsaya da kwano a hannu har kumfa ta bushe a jikinsa.

Abba ya jira har ta tafi. Ya kira ni falo, yana zaune da jarida a naɗe a hannu, ya tambaye ni ko gaskiya ne an sallami yaron. Na ce gaskiya ne. Ya ce a kan lambobin mata? Na ce e, amma kuskure ne, ba yadda Goggo ta faɗa ba. Ya ce kuskuren wa? Na kalli ƙafar tebur na ce haka rajista ta nuna sunansa. Kun ga irin maganar? Babu ƙarya a ciki ko ɗaya, kuma duk cikinta ƙarya ce. Abba ya ce to ya dakata da zuwa, manyansa ma su dakata, sai ya yi nazari.

Da na faɗa wa Sannu-sannu a saƙo, "Ba komai, Abba yana da gaskiya" kawai ya rubuto, ya ƙara da tambayar ko na ci abinci. Sati biyu muna haka. Kullum da safe zai turo gaisuwa, kullum ba zai ce min wurare biyu da ya nema sun kira manaja sun ji labari sun yi shiru ba. A bakin abokin aikinmu na ji. Ni kuma aka ɗora ni a kan kujerarsa, kusa da taga, manaja har yana cewa in yi koyi da abin da ya faru in riƙa lura. Na rame har Umma ta fara tsare ni da ido. Ta ɗauka soyayya ce ke cina.

Jiya Laraba manaja ya ce in raka shugabar ƙungiya wurin mai ɗinkin, a kai mata takardar ban haƙuri daga kamfani. Ta ce ba ta son ganin namiji ko ɗaya daga wurinmu, ni kaɗai ce mace, sai ni. Na sa baƙar abaya da farin mayafi, na wanke fuska ko hoda ban shafa ba.

A gidan yayarta muka same ta, a wani ƙaramin ɗaki na bayan gida mai taga ɗaya. Ba za ta girme ni da shekara biyar ba. Hannunta na dama a ɗaure yake tun daga yatsu har gwiwar hannu, an rataye shi da ɗankwali a wuya. A lungu ga kan keken ɗinkinta a ƙasa, ya rabu da teburinsa, ga buhu cike da yadin mutane da ba ta gama ba, wani da alli a jiki, wani da allurai a soke. Ta yi mana sannu da zuwa, ta sa aka kawo ruwa, har tana ba mu haƙuri wai ɗakin ba wurin zama.

Ta ba mu labari a hankali, ba kuka. Ta ce ranar da za ta yi rajista sau uku tana tambaya ko za a ɓoye lambarta, har aka nuna mata a waya, ta ƙirga taurarin da yatsa, guda biyar. Ta ce ranar ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Shekara biyu tana tara masu kawo mata ɗinki ɗaya bayan ɗaya, ta kai har tana mayar da aiki don ya yi mata yawa. Yanzu an kama mutumin, amma danginsa sun san shagon, ba za ta koma ba. Likita ya ce yatsu biyu sai a hankali, ba a san ko za su riƙe almakashi kamar da ba.

Shugaba ta miƙa mata takardar. Ta karɓa da hagu ta ajiye a kan buhun ba ta buɗe ba. Sai ta juyo gare ni.

"Ƙanwata, ke kin san shi, wanda ya yi aikin?"

Na ce na san shi.

"An ce min wai mutum ne mai natsuwa. To ki faɗa masa ni ban san shi ba, ban taɓa yi masa komai ba. Kullum in na yi salla sai na kai ƙararsa. Ban yafe ba. Yadda ya tone min rufin asiri, Allah Ya hana shi abin da ya fi so."

Shugaba ta ce a'a, a yi haƙuri, a bar wa Allah. Addu'ar wanda aka zalunta ba ta da shamaki, tun ina ƙarama na san wannan. Ga ta tana tashi daga ɗakin nan sau biyar a yini, tana tafiya kan mutumin da laifinsa bai wuce ya yarda da maganata ba. Abin da ya fi so kuma na san ko mene ne.

Kuna tsammanin a nan na faɗa? Ban faɗa ba. Na sha ruwan da ta ba ni, na ce Allah Ya ƙara sauƙi, na fito. A cikin mota na yi ta kuka har shugaba ta dafa ni tana cewa ina da tausayi.

Ban koma ofis ba, gida na wuce. Abba ya dawo daga sallar la'asar yana zaune a baranda, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, Umma na gefe tana tsince wake a faranti. Yana ganina ya ce dama yana nemana, ya gama nazarinsa. Ya ce shi bai ɗauki zancen Goggo ba, ya san yayarsa. Amma mutumin da aka ba amanar sirrin mata ya yi sakaci da ita, ba zai ɗauki 'yarsa ya ba shi ba. In kira shi in sallame shi cikin mutunci.

Na durƙusa a kan siminti, ko jakata ban sauke ba.

"Abba, ni ce."

Na faɗa musu komai. Shayin da na zubar, kwamfutarsa, taurarin, kiran Umma, tambayar da ya yi min sau biyu da amsar da na ba shi. Na faɗi abin da na gani a ɗakin mai ɗinki da abin da ta ce. Umma ta ajiye farantin, ta rufe baki da gefen zanenta. Da na zo kan maganin hawan jini ta ce, "Ni na kira ki," kamar ita ma tana neman kason da za ta ɗauka ta rage min. Abba ya ɗaga mata hannu.

Da ya buɗe baki, bai kira ni Uwata ba.

"Sati uku. Kina ci a gidan nan, kina kwana, ana zagin bawan Allah a gabanki. Na tambaye ki da bakina."

Na ce tsoro na ji.

"Shi yanzu na fara saninsa," in ji Abba. "Ke ce ban sani ba."

Da ya mare ni da ya fi. Ya ce gobe da safe zan je in faɗa wa manaja a gaban kowa, daga nan shi da kansa zai kai ni wurin matar in maimaita mata, in ta yafe to, in ba ta yafe ba haƙƙinta ne. Maganar aiki kuma kada in tambaye shi yanzu. Na ce to.

Sai ya laluba aljihu ya ciro wayarsa. Ya ce saura abu ɗaya. Rufa wa mace asiri hali ne na kirki, amma shi uba ne, yana so ya san ko yaron nan zai iya duban girmansa ya shirga masa ƙarya saboda ni. In zai iya yau, gobe ma in wani abu ya same ni a gidansa, haka za su haɗa baki su rufe shi. Ya ce in ajiye wayata a kan tabarma inda zai gan ta.

Na ajiye. Ya kira, ya buɗe murya yadda duk za mu ji. Ƙara biyu aka ɗauka, na ji muryarsa yana gaida Abba, a natse kamar kullum, har da tambayar jikin Umma.

Abba ya amsa a gajarce, sannan ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ina son gaskiya. Aikin nan da aka kore ka a kansa, hannun wa ya rubuta shi?"

Ina jin ƙarar mota tana wucewa a can inda yake, ina jin numfashinsa. Umma ta kama hannuna ta matse. Ni kaina ban san amsar da nake roƙon Allah ya bayar ba.

Can ya ce, a hankali, "Abba, tana kusa da kai?"

Abba ya dube ni, ya ɗora yatsa a kan leɓensa.